Daren da Baba ya nemi Kaza da 'ya'yanta

Wuta ce ta ɗauke a unguwarmu ta Zango, nan Dapaong, wani dare cikin Disambar 2024. Muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, sai Baba ya ɗaga kai sama ya daɗe yana dubawa. Can ya kira ƙaramin jikansa ya ce, "Kai, zo ka nuna mini Kaza." Yaro ya miƙe ya nufi akurki. Duk muka kwashe da dariya, ban da Baba.

Kaza da 'ya'yanta yake nufi, wato cincirindon ƙananan taurarin nan da malamai ke kira Surayya. A wannan lokaci na shekara sukan kusa tsakiyar sama bayan isha'i, kuma ga su nan tar a kanmu. Na nuna masa da yatsa. Ya duba, ya murza ido, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Hazo kawai nake gani. Da ina yaro shida nake ƙirgawa, ran da sama ta wanku har bakwai."

Baba ya haura shekara tamanin. Shekara uku ke nan likita ya ce yana ce a idonsa, aikin ma ba ya ɗaukar lokaci, amma ya ƙi. Kullum amsarsa ɗaya: me ya rage masa ya gani? A daren nan abu biyu suka tsaya mini a rai. Taurarin da ya sani tun yana goye suna ɓace masa, kuma duk gidan, 'ya'ya da jikoki, babu wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu. Har ni da na yi lakwal a Sokode, na haddace sunayen duniyoyi da Faransanci don jarrabawa, ban iya nuna ko guda a sama ba.

Daga nan zamanmu na kallon sama ya samo asali. Ina ba da labarinsa ne don na san a kowane zango, daga Sinkase har Lome, akwai tsoho ko tsohuwa irin Baba.

Ba hannu rabbana suka zo ba

Kuskuren da na fara yi shi ne na ɗauka ni ne malami. Na sauke manhajar Stellarium a waya, wadda in ka ɗaga ta sama take nuna maka sunan kowane tauraro, na zo ina ta zuba. Baba ya bari na gama, sannan ya ce, "To, yanzu wane tauraro muke ciki?" Na yi zuru.

Ashe lissafin manzilolin wata yake nufi, wanda malamanmu da manoma suka daɗe suna amfani da shi. An raba shekarar rana gida 28, kowane tauraro yana da kwana 13, sai Jabha mai kwana 14, jimla 365. Kowane yanayi, bazara da damina da kaka da ɗari, yana da taurari bakwai. Baba ya jero mini na damina ba tare da ya yi tuntuɓe ba: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Da wannan lissafi mahaifinsa yake sanin lokacin da ya kamata a sayi hatsi a ajiye, da lokacin da rafuka za su cika su tare hanya. Ya ce in Kaza ta ɓace daga sararin yamma a ƙarshen bazara, ta sake ɓullowa ta gabas kafin asuba, to ruwa ya zauna. Na duba a waya, haka ne: wajen watan Mayu rana kan zo daidai da Surayya ta rufe ta da haskenta, sai cikin Yuni a sake ganinta da asuba.

Kakan Baba bafatake ne, cikin masu kora jakuna daga ƙasar Hausa da kanwa da tufafi, su yada zango a Sansanin Mango, su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja su sayo goro. Mutanen da ke kwana a daji wata da watanni dole su san sama kamar yadda muka san layukan kasuwa. Daga wurinsa Baba ya gaji maganar cewa a wannan yanki, in kana neman alƙibla da dare, ka fuskanci inda Kaza ke fitowa. Na auna da waya. Alƙiblar Dapaong gabas ce da ta karkata arewa da kimanin digiri 20, kuma ta faɗa tsakanin mafitar Surayya da mafitar Dabaran, jan tauraron nan da ke biye da ita. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Abin da nake taƙama da shi a waya, wani mai jaki ya riga ni saninsa da shekara fiye da ɗari.

Ko sunan da Turawa ke kiran wannan jan tauraro, Aldebaran, Dabaran ɗin nan ne na bakin Baba, suka ara daga Larabci. Da na gaya masa, ya yi murmushi ya ce, "Ashe su ma almajirai ne."

"Ba duba ba ne wannan?"

Kafin mako biyu abokansa sun ji labari. Muka zama mu bakwai zuwa takwas: Baba, da limamin masallacin layinmu, da wani tsohon direban babbar mota da ya shekara talatin yana bin hanyar Lome zuwa Wagadugu, da wata Hajiya mai sayar da atamfa, ƙawar marigayiya mahaifiyata, sai wasu dattawa biyu da ke zuwa jefi-jefi. Da so samu ne mu fita bayan gari inda duhu ya fi, amma kowa ya san tun watan Yunin 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro, ba wanda zai kwashi tsofaffi ya kai su daji da dare. A tsakar gida muka tsaya, mu kashe fitilu, mu roƙi maƙwabta su rage nasu.

Tun zaman farko Hajiya ta yi tambayar da ke ran kowa. Ta ce, "Ɗana, ni fa tsoro nake ji. Wannan ba shi ne duba ba?"

Liman ne ya amsa mata. Ya ce ilimin taurari iri biyu ne. Akwai na mai cewa tauraro kaza ya nuna za ka yi arziki ko aurenka zai mutu, wannan shi ne abin da aka hana. Akwai kuma na lissafin tafiyar rana da wata, wanda da shi ake sanin lokacin salla da alƙibla da shigar wata, kuma malaman Musulunci sun yi zurfi a cikinsa tun da daɗewa. Ya tuna mana cewa akwai sura sukutum mai suna Najmi, kuma a cikinta an ambaci tauraro guda da sunansa, Shi'ira. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga shi can." Na nuna masa tauraron da ya fi kowane tauraro haske, yana tasowa ta kudu maso gabas yana ƙyalƙyali. Mutumin da ya shekara sittin yana karanta ayar bai taɓa sanin wanne ne ba. Ya daɗe yana kallo yana tasbihi. Daga ranar bai sake fashin zama ba.

Gardamar Zara da Gamzaki

A watannin nan Zara matar wata tana haskawa a yamma bayan magariba, ba mai iya kauce mata. Na ce musu ita ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce kamar tamu, ƙanƙanta kaɗan, tana zagaya rana, kuma hasken rana take mayarwa. Larabawa na kiranta Zuhura. Wannan bai dame su ba. Inda rigima ta tashi shi ne da na ce ita ce dai Gamzaki mai fitowa da asuba.

Baba ya ce atafau. Zara mace ce, Gamzaki namiji, ta yaya za su zama abu ɗaya? Har ya ce ya sha ganinsu a dare guda, wannan da magariba, wancan da asuba. A nan yana da gaskiyarsa, domin wani lokaci Mushtari, wadda ita ma haskenta ba kaɗan ba ne, kan tsaya a gabas da asuba, mutane su kira ta Gamzaki. Ban ja da shi ba. Na ce, "Baba, mu sa ido. Cikin azumi Zara za ta yi ta sauka har ta ɓace. In maganata gaskiya ce, ba za a daɗe ba za ta ɓullo ta gabas."

Kafin nan na samo madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda masu Faransanci ke ce wa jumel, na hannu, a Lome, kuɗinsa bai kai na ƙaramar waya ba. A ƙarshen Fabrairu muka ɗora shi a kan katanga muka saita Zara. Hajiya ce ta fara leƙawa, ta ja da baya ta ce, "La ilaha illallahu! Ai jinjirin wata ne ƙarami!" Haka take, lauje ce siririya, saboda a lokacin ta kusa shiga tsakaninmu da rana, gefenta kaɗai ke samun haske ta wajenmu. Muka juya kan Mushtari, suka ga 'yan ɗigo a jere kusa da ita, watanninta ne guda huɗu da Galiliyo ya fara gani a 1610. Washegari ɗigon sun sauya wuri. Direba ya ce, "Su ma lodi suke juyawa."

Bayan tsakiyar Maris Zara ta ɓace. Ana dab da salla ƙarama, Liman ya fito sallar asuba ya ga abu yana haskawa ƙasa-ƙasa a gabas. Shi ya zo ya buga mana ƙofa. Baba bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "To, ashe kasuwa biyu take ci."

Awo da mudun da suka sani

Na lura in na ce miliyan kaza ko biliyan kaza, sai su gyaɗa kai kawai don kara. Lamba ba ta zama a kai sai an auna ta da abin da mutum ya sani. Direba ne ya ba ni dabara da ya tambaya, "In na tayar da motata, kwana nawa zan yi kafin in kai wata?"

Muka zauna muka buga. Tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,000 ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, ba tsayawa, ba shingen jandarma, ba fashewar taya, za ta yi kusan wata tara. Rana kuwa tana nesa da kilomita miliyan 150, tafiyar shekara 285 ke nan. Ya riƙe baki ya ce ko jikan jikan yaron mota ba zai kai ba.

Haske shi ne mafi sauri a cikin halitta, yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Hanyar Lome zuwa Dapaong, da ta ɗan haura kilomita 600, wadda muke wuni a kanta, haske zai ratsa ta fiye da sau 450 a daƙiƙa guda. Duk da haka sai ya yi minti takwas da 'yan daƙiƙu kafin ya iso mana daga rana. Daga Shi'ira yakan yi shekara takwas da rabi da ɗoriya. Daga Suhailu, mai hasken nan da ke can kudu a lokacin ɗari, kimanin shekara 310. Daga Kaza da 'ya'yanta, wajen shekara 440. Na ce wa Baba hasken Kazar da ya ƙirga yana yaro ya baro gida tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da shekaru masu yawa.

Wata ranar da la'asar muka fita layi da babban daro mai faɗin mita guda, muka ce shi ne rana. A wannan awo duniyarmu ƙwayar gyaɗa ce, kuma sai da jikan Baba ya yi tafiyar mita 107 da ita kafin in ce ya tsaya. Wata kuwa ƙwayar gero ce, nisanta da gyaɗar bai wuce tsawon takalmin babban mutum ba. Mushtari lemo ce babba, fiye da rabin kilomita daga daron. Hajiya ta ce, "To tauraro mafi kusa fa, a kai shi Mango?" Na ce, "Hajiya, ko Makka ya yi kusa. Sai an yi tafiyar kilomita dubu 29, fiye da rabin zagayen duniya." Ta kalli gyaɗar da ke hannun yaro ta ce, "A kan wannan muke ta faɗa saboda rumfa?"

Da me aka yi su?

Wannan tambaya daga Liman ta fito, kuma ita ta fi cin lokacinmu. Ya ce ya ji nisa, ya ji girma, amma taurarin nan da me aka yi su, kuma wa ya je ya ɗebo ya gani?

Ba wanda ya je. Hasken ne ke kawo shaida. In aka ratsa haske ta cikin wani gilashi mai kusurwa, yakan rabu launi-launi kamar bakan gizo, kuma kowane sinadari yana barin nasa zane a ciki, wanda ba ya kama da na wani. Hajiya ta riga kowa ganewa. Ta ce kamar yadda take duba bakin atamfa ta san 'yar Holan daga jabu, ba sai ta je inda aka buga ta ba. Da wannan hanya aka ga alamar wani sinadari a hasken rana a 1868, aka sa masa suna hiliyom, ba a same shi a nan ƙasa ba sai 1895. A 1925 kuma wata matashiya 'yar Ingila mai karatu a Amurka, Cecilia Payne, ta nuna cewa taurari galibinsu iska biyu ce, haidirojin da hiliyom. Manyan masana na lokacin suka ƙi yarda da farko, daga baya suka dawo kan maganarta.

Rana ma tauraruwa ce, kusancinta ne ya sa ta fi sauran. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta haidirojin ne, sinadarin da ke cikin ruwan da muke sha. A cikinta zafi ya kai digiri miliyan 15, ƙwayoyin haidirojin suna haɗewa su zama hiliyom, daga nan haske da zafi ke fitowa. Taurarin da suka fi rana girma nesa ba kusa ba sukan ci gaba da wannan ƙira har su kai ga baƙin ƙarfe, sannan su fashe su watsa abin da suka ƙera. Daga irin wannan ƙura aka tara rana da duniyarmu, kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Ke nan ƙarfen garmar manomi, da wanda ke cikin jininmu, a maƙerar taurari aka fara narka shi. Na ɗan ji tsoron yadda Liman zai ɗauki wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mun san daga turɓaya aka yi mu. Su kuma labarin turɓayar suke bi. Wanda ya yi maƙerar ai Shi ya yi turɓayar."

Sai na kawo musu abin da har yau masana ke nema. Ranarmu ɗaya ce cikin garken taurari sama da biliyan 100, kuma irin wannan garke ba su ƙirguwa. A shekarun 1970 wata masaniya a Amurka, Vera Rubin, ta auna gudun taurarin da ke gefen irin waɗannan garkuna, ta ga suna juyawa da saurin da ya kamata a ce sun fincike sun watse. Tunda ba su watse ba, akwai wani nauyi da ke riƙe da su wanda ba ya haske, ba a ganinsa. Lissafin yau ya nuna wannan ɓoyayyen abu ya ninka duk abin da ake gani kusan sau biyar. In aka haɗa komai, abin da muka sani, taurari da duniyoyi da mu kanmu, kashi 5 ne kacal cikin ɗari. Ɓoyayyen abu kusan kashi 27, sauran 68 kuma wani ƙarfi ne da ke ƙara wa sararin samaniya saurin buɗewa.

Direba ya buga cinya ya ce, "Ai na gane! Ka hau sikeli, takarda ta ce tan biyar ka ɗauko, sikeli ya ce talatin. Akwai kaya a ƙarƙashin tamfol!" Muka yi ta dariya. Na sha karanta bayanin nan da Faransanci, ban taɓa jin wanda ya kai nasa ba.

Asubar 14 ga Maris

Tun wata guda kafin lokacin na gaya musu cewa ranar Juma'a 14 ga Maris 2025, tsakiyar azumi, wata zai yi husufi da asuba, jim kaɗan bayan ƙarfe biyar. Ɗaya daga cikin dattawan ya ɓata rai, ya ce yanzu kam na shiga gaibu. Na ɗauko tocila da lemo da ƙwallon yara na nuna musu: in duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ce ke faɗawa a kansa, shi ya sa husufin wata ba ya faruwa sai a tsakiyar wata. Liman ya ƙara da cewa wanda ya buga jadawalin lokutan salla na shekara guda bai san gaibu ba, lissafi ya iya. Ya kuma tuna mana cewa ran da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne, Annabi ya gyara musu, ya umarce su da salla.

Ranar, bayan an idar da asuba, muka tsaya a ƙofar masallaci muka fuskanci yamma. Wata ya yi ƙasa, akwai ɗan hazo, amma ga gefensa nan ya gutsure kamar an ciji ƙosai, duhun yana ƙaruwa har ya faɗi. Dattijon nan ya kama hannuna ya ce, "Yaro, ka iya lissafi." Tsofaffin suka shiga tuna kusufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Gana da Togo da Benin ya wuce ta Gusau da Katsina. A nan Dapaong rana ba ta rufe duka ba, amma gari ya yi wani iri, mutane da yawa suka kulle kansu a ɗaki. Na gaya musu ranar 2 ga Agustan 2027, in Allah ya kai mu, rana za ta rufe ruf a kan Makka da Jidda, don masu niyyar umara su sani.

Ga mai son gwadawa a gidansu

Ka fara da tambaya. Ka ce, "Baba, me kuke kiran wancan?" ko "Inna, da wane tauraro kuke tashi sahur a da?" Ka kunna rikoda a waya, da izininsu.

Idon tsoho ba ya ɗaukar haske kamar na yaro, kuma yana daɗewa kafin ya saba da duhu. A kashe fitilu da wayoyi a jira minti 20 zuwa 30, a yi hira kafin nan. In dole sai an haska, a ɗaura jan ƙyalle a bakin tocila.

Kada a sa su ɗaga wuya suna tsaye, jiri na iya ɗibarsu. A shimfiɗa tabarma da matashi, ko a ba su kujera mai jingina. Lokacin ɗari a tanadi bargo da shayi. Minti arba'in ya isa, abu ɗaya ko biyu a dare.

A fara da wata, a daren bakwai ko takwas ga wata, lokacin da ramuka da duwatsunsa suka fi fitowa a madubi. Madubin da aka rubuta 10x50 a jikinsa ya wadatar, amma a jingina shi da katanga don hannu na rawa. Sama ta fi wankuwa bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. Kada kowa, yaro ko babba, ya kalli rana da madubi ko da sau ɗaya, yana makantarwa.

Ga kuma guzuri ga matafiya. A ranakun 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe agogon Togo da Gana, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 9:27, rana kan tsaya daidai kan Ka'aba. Duk inda ka fuskanci rana a wannan lokaci, alƙibla ka fuskanta.

Abin da ya rage

Hajiya ta rasu cikin damina, Allah ya jiƙanta. Ta taɓa ce mini akwai sunayen taurari da kakarta ke faɗa musu a Sokode, wasu da Hausa wasu da Kotokoli, za ta tuno ta gaya mini. Na ce sai an sha ruwa, daga nan na ce sai bayan salla, kasuwa ta ɗauke mini hankali. Minti goma sha ɗaya kawai nake da shi na muryarta. Abin yana damuna har yau.

Baba kuwa, bayan salla babba, da kansa ya ce in kai shi a duba idon. Aka yi masa aiki a ido ɗaya. Da ruwa ya ɗauke, Kaza ta dawo gabas bayan magariba, muka shimfiɗa masa tabarma. Ya rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu, ya yi ta ƙirga a hankali. Biyar ya samu. Na miƙa masa madubi, ya leƙa, ya daɗe bai ce komai ba, don a ciki sun fi talatin. Da ya sauke sai ya kira jikan nan nasa da ya taɓa nufar akurki, ya ce, "Zo nan, kwanta. Ka ga waɗancan? To daga su za mu fara. Bayan Surayya sai wa?"

Yaro ya ce, "Dabaran."

Yanzu ya haddace goma sha huɗu cikin ashirin da takwas. Baba ya ce a sa masa ranar aikin ɗaya idon kafin azumi. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon zama da su tun suna nan.